Sunan Malam a Cikin Kash

Na fara jin kalmar wata rana da hantsi, ina tankaɗen garin dawa a tsakar gida. 'Yata ta fari ta zo mana kwana biyu daga Kano. Tana tsaye jikin katangar bayan ɗaki, inda sabis ya fi kamawa, waya a kunne, sai na ji tana ta maimaitawa, "Kash ne. Na ce maka kash ne. Kash!"

Na ajiye rariya. Na ce, "Innalillahi. Ke, wa ya rasu?"

Ban kira sunanta ba, don ban taɓa kira ba. A wajenmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, kamar yadda mace ba ta kama sunan mijinta. Ke nake ce mata, ko in ce yarinyar nan, ko da yake ta daɗe da wuce yarinya. Magana ma tsakanina da ita ba ta cika tsawo ba. Abokin hirarta shi ne ubanta.

Ta kalle ni, ta kashe wayar, ta yi dariya har sai da ta zauna kan turmi. Malam, maigidana, yana bakin zaure yana gyara ƙotar fartanya, ya leƙo ya ce me aka samu ba a kira shi ba.

Ta ce ba kash ɗinmu na takaici ba ne, kalmar aikinsu ce, Turanci ce, haka dai take fita a baki. Ta yi karatun kwamfuta a Bici, ta ƙara a Kano, ta samu aiki da wata ƙungiyar manoma da ke ba 'ya'yanta iri da taki in damina ta gabato. Ita ta haɗa musu shafin intanet da masu sito ke buɗewa a waya su ga wane ne mai gona kaza, me za a ba shi. Malam ma ɗan ƙungiyar ne.

Ta ce, "Inna, duk lokacin da za ki sha ruwa sai kin je rijiya?"

Na ce, "Ga randa kuwa?"

"To shi ne kash. Rijiyar tana can nesa, wata babbar ma'ajiya ce, komai yana ciki. Sabis ɗin ƙauye kuma kin san halinsa. In aka ce kowane suna sai an jawo shi daga can, mai sito zai wuni yana kallon waya tana juyi, mutane na tsaye a rana. Shi ne na aje musu randa a kusa."

Malam ya ce, "Ruwan randa ai yana kwana."

"Yana kwana, Baba. Shi ya sa ba komai ake zubawa ba. Yawan buhunan da suka rage a sito, wannan kullum daga rijiya ake jawo shi, don yanzu-yanzu yake canzawa. Abin da ba ya canzawa shi nake zubawa a randa. Sunayen ƙauyuka, sunayen iri, sunayen masu gona. Na sa wa kash ɗin wata shida. In ya cika sai ya zubar da kansa ya ɗebo sabo."

Malam ya daina fiƙe ƙotar. Ya ce, "Sunan mai gona ba ya canzawa?"

"Da wuya, Baba."

Ya juyo ya dube ni. Ya ce, "Kin ji? 'Yarki ta yi mini alƙawarin wata shida-shida. Allah ya yi mata albarka, ko likita bai ba ni haka ba."

Daga ranar kalmar ta zauna a gidanmu. In na kawo masa ɗumame da safe sai ya buɗe kwano ya ce, "Yau ma kash muka samu." In ya ɗauko labarin shekarar da ya je cirani ya dawo da rediyo marar batir, labarin da na ji ya fi a ƙirga, sai in ce a hankali, "Malam, wannan kash ne." Ƙananan yaran su yi ta dariya.

Da bazara ta zagayo, ana tsakiyar zafi, Malam ya kwanta. Kwana tara ya yi. Rana ta goma aka kai shi makwancinsa.

Ba zan yi dogon bayani kan wannan ba. Mutane sun zo, Allah ya saka musu. Sun zo daga Bagwai, sun zo daga dangina, an yi zaman makoki, an yi sadakar uku da ta bakwai. Abin da ban lura da shi ba sai daga baya shi ne rumbu. Jinya ta ci, baƙi sun ci, kuma a cikin ruɗewar kwanakin nan wata daga cikin masu taya mu girki ta buɗe buhun da Malam ya ware na iri ta surfa. Ba ta sani ba. Ni ma ban gani ba. Ranar da na leƙa sai ƙura da 'yar tsaba a gindin buhu.

Na shiga takaba. Wata huɗu da kwana goma, ba fita, ba kwalli, ba lalle, ba turare. Duniyata ta koma daga ƙofar ɗaki zuwa madafi, daga madafi zuwa gindin randa. A garinmu gona tana manne da gida, gida yana manne da gona, ba wani fili da ba na wani ba. Gonarmu tana bayan katangar nan da yarinyar ke tsayawa neman sabis. In na miƙa hannu sama zan iya taɓa reshen ɗorawar da ke cikinta. Amma ba ni da ikon taka ta. Ina jin kukan kurciya daga can, ina jin masu kai taki da jakuna suna wucewa suna gaisawa, ni ina ciki.

Dangi sun zauna sun yarda cewa kafin a yi rabon gado ni zan riƙe gonar bayan gida in ci da yara. Mai unguwa ya ba da takarda, aka aika wa yarinyar Kano, ta ce ta canza sunan a wajen ƙungiya. Hankalina ya kwanta ta wannan gefen. Tun da irinmu ya tafi, na ƙungiya zai tsaya mana.

Ƙanin Malam, wanda yara ke kira Baffa, shi ke shige da fice a madadina. Da can abokin wasana ne, ba ya shigowa bai tsokane ni ba. Tun rasuwar ya daina. Sai ya tsaya daga bakin zaure ya yi sallama, in amsa daga ciki, mu yi magana ba mai kallon wani.

A shekarar ruwa ya yi saurin zuwa, ƙungiya ta buɗe sito da wuri. Baffa ya hau mota ya tafi Tsanyawa, inda siton yake. Da la'asar ya dawo hannu rabbana.

Ya ce, "Yaya, an samu matsala. Sunan marigayi ne har yanzu a wayar mai sito."

Na ce, "Ba an canza ba?"

"Haka na ce masa. Ya nuna mini da idona. Ga sunan nan, ga ƙauye, ga gona. Ƙa'idarsu kuma mai gona shi zai zo ya dangwala yatsa. In mace ce mai takaba ko marar lafiya, shafin yana da wurin da za a sa wakili, amma sai sunanta ya fito tukuna."

"Shi mai siton bai san an yi rasuwa ba?"

Baffa ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. Ya ce, "Ya sani mana. Cewa ya yi, 'Wallahi da ni aka ɗauki makara, da hannuna na zuba ƙasa. Amma waya ta ce yana nan. In na ba ka da sunansa, gobe a ce na ba mamaci iri, ina zan sa kaina?'"

Na san abin da ya faru tun kafin ya rufe baki, don na tuna hirar tsakar gida.

Ya koma ranar kasuwa. Haka. Ya kira yarinyar, ta ce za ta duba. Ya sake komawa bayan kwana uku, mai sito ya hango shi daga nesa ya girgiza kai, bai ma bari ya ƙaraso ba. A tsakanin nan aka yi ruwan shuka, ruwa mai kyau, ƙasa ta sha har ƙamshinta ya cika ɗakina. Da gari ya waye na ji garin duk ya fita. Ƙarar sungumi ta ko'ina, gabas da yamma, mata na kiran yara su kawo ƙwaryar iri. Bayan katangarmu ne kawai shiru.

Baffa ya zo ya tsaya inda ya saba. Ya daɗe yana gyaran murya.

"Yaya, gona ba za ta zauna haka ba. Danshin nan in ya wuce ya wuce. Ina da sauran gero. In zuwa jibi ba a samu na ƙungiya ba, zan shuka nawa."

Ba mugun mutum ba ne, kuma gaskiya ya faɗa. Amma ni da shi duk mun san yadda abin yake. Wanda ya shuka shi ke nome, wanda ya nome shi ke girbi, hatsi kuma rumbunsa yake tafiya. Zai ba mu, ba zai hana mu ba. Sai dai zan koma mai aika yaro da kwano gidan wani. Kuma gonar da mutum ya noma shekara guda, ranar rabo ba a cika fitar da ita daga hannunsa cikin sauƙi ba.

Na ce, "To, Baffan yara. Allah ya kai mu jibin."

Ina da waya ƙarama, ina da lambarta. Na ɗauka na ajiye ya fi sau biyar. Me zan ce? Tun tana goye ban taɓa zaunar da ita na ce yi mini kaza ba. Komai ta bakin ubanta yake bi. In ina son ta zo gida, shi nake gaya wa. In ta yi abin da bai yi mini daɗi ba, shi nake gaya wa. Yanzu gadar da muke bi ta karye, muna tsaye kowa a nasa gefen. A ƙarshe na rubuta mata saƙo, da irin rubutuna na makarantar yaƙi da jahilci, harafi ɗaya-ɗaya. Na rubuta: Ki zo gida gobe. Kash ne.

Ta zo da azahar, a gajiye, jakar kwamfuta a kafaɗa. Ta rame. Ta gaishe ni a durƙushe, na amsa ina kallon gefe kamar yadda na saba. Na nuna mata randa. Ta ɗebi ruwa a moɗa ta sha, ta zauna nan gindinta, ni ina kan tabarma ina tsince wake.

Na ce, "An ce sunan bai canza ba."

"Ya canza, Inna. A rijiya ya canza tun ranar da takarda ta zo."

"A randa fa?"

Ta juya moɗar a hannunta.

Na ce, "Sai wata shidan ya cika?"

Ta ce, "Ya ɗebo sabo sati guda kafin Baba ya kwanta. In aka bar shi sai kaka."

"Ba a iya zubarwa kafin lokaci?"

"Ana iyawa."

"Aiki ne mai wuya?"

Ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Dannawa ɗaya ce."

Hannuna ya tsaya cikin waken. Ban ɗaga murya ba, ban iya ba ma. Na ce, "Baffanku ya je Tsanyawa sau uku."

Sai ta ciro wayarta, ta shafa, ta matso ta miƙo mini, abin da ba ta taɓa yi ba. Shafi ne fari mai koren layi a sama. Ba juyi, ba jira, nan take ya buɗe. Na kai shi kusa da idona na haɗa haruffan. Sunan Malam ne. Sunansa na yanka da na mahaifinsa, ƙauyenmu, gonar bayan gida, sannan a gefe da ƙananan baƙaƙe an rubuta: zai karɓi gero da gyaɗa.

Sunan nan ban taɓa furta shi ba, shekara kusan talatin. Amma na san shi a rubuce. Lokacin da muke zuwa ajin manya gindin darbejiya, malamarmu ta ce kowace ta rubuta sunan maigidanta. Mata suka yi ta rufe fuska da mayafi. Ni na ce a raina rubutu ai ba kira ba ne, na rubuta. Shi ne abu na biyu da na iya rubutawa a duniya, bayan nawa.

Ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Kullum da safe nake buɗewa. Ko'ina an cire shi, Inna. Layinsa na waya an rufe. A masallaci an ba wani wurinsa. Ni da hannuna na cire shi daga rijiya. Nan ne kaɗai ya rage inda aka ce zai karɓa. Na ɗauka ba za a buɗe sito ba sai wani watan. Da Baffa ya kira na buɗe kwamfuta, na sa yatsa, na kasa. Na ce gobe. Goben ma na ce gobe."

Na ce, "Ki ɗauki hotonsa mana."

"Na ɗauka. Ba ɗaya ba ne. Hoto ya san abin ya wuce. Wannan bai sani ba."

Na so in yi fushi. Ina da dalili, gonar yara ce ke neman salwanta. Na nemi fushin ban same shi ba. Abin da ya zo mini shi ne tunanin mudun da nake awon tsaba da shi. Tun rasuwar kullum sai na auna har da rabonsa, tuwo ya yi ta ragowa, yara su gaji da ɗumame. Butarsa tana nan bakin zaure, kullum da azahar nake cika ta. In an yi sallama da wata irin murya, sai na amsa da irin amsar da shi kaɗai nake yi wa, kafin in tuna.

Na gaya mata wannan. Ban taɓa yi mata magana mai tsawon haka ba. Ina yi ina kallon waken, ita tana kallon randa.

Na ce, "Ni nawa tuwo kawai yake ɓatawa. Naki gona zai ci."

Ta share fuska da gefen hijabi. Ta ce, "Na sani."

Na ce ta jira. Na shiga ɗaki na ɗauko tsohon littafina na aji da guntun fensir, na dawo na karɓi wayar. Na kwafe duk abin da ke shafin, layi-layi, har da zai karɓi gero da gyaɗa. Na daɗe ina yi, don hannuna ya kwana biyu bai riƙe fensir ba. Ba ta hanzarta ni ba. Da na gama na rufe littafin na ce, "To. Zubar."

Ta buɗe kwamfutar, ta ɗauke ta zuwa jikin katangar bayan ɗaki don sabis. Na bi ta, iyakar inda nake iya zuwa ke nan. Ta yi bisimilla ta danna. Ba ƙara, ba komai. Ta sake buɗe shafin a waya. Wannan karon bai buɗe nan take ba. Wani ɗan zobe ya yi ta juyawa a tsakiyar farin shafin, yana juyawa, mu biyu muna tsaye a rana muna kallo.

Na ce, "Ya lalace?"

"A'a. Rijiya ya tafi."

Can sai layin ya fito. Sunana ne. Ƙauyenmu, gonar bayan gida, da wurin sa wakili a ƙasa. Na karanta shi sau biyu. Ta kifa kanta jikin katanga ta yi kuka, irin wanda ban ga ta yi ba ko ranar jana'iza. Na tsaya a gefenta. Hannuna ya daɗe a sama kafin na ɗora shi a bayanta.

Washegari Baffa ya tafi Tsanyawa da sassafe. Mai sito ya buɗe waya ya ce, "Yauwa, yanzu ta yarda ya rasu." Amma gero ya ƙare tun shekaranjiya. Gyaɗa ce ta rage, da ɗan wake. Gyaɗar ba za ta cika gonar ba. Baffa ya shuka geronsa a rabin da ke tudu, aka sa mini gyaɗa da wake a rabin da ke kusa da katanga. Rabin can har yau yana hannunsa. Ba mu taɓa yin maganar ba, ni da shi, ni da ita.

Ranar shukar na zauna jikin katangar daga ciki. Ina jin sungumi yana sara, ina jin muryarta tana faɗa wa ƙannenta su daina zuba uku-uku, iri ba shi da yawa. Ta ɗauki hutu don ta tsaya a wurina. Saura wata biyu da 'yan kwanaki in fita.

Kafin ta koma Kano ta tsaya a ƙofar ɗakina da jakarta. Ta ce ta gyara aikin. Sunayen ƙauyuka da na iri suna nan a randa wata shida. Sunan mai gona kuwa, da zarar an taɓa shi a rijiya, randa za ta zubar da nata nan take, ba sai an jira wani ya iya dannawa ba.

Na ce, "Ya yi kyau. Allah ya kiyaye hanya."

Da ta tafi na shiga madafi na ɗauki mudu. Na auna, na ga na sake cika shi kamar da. Na tsaya da shi a hannu, sannan na mayar da tafi biyu cikin buhu. Butar dai ban ɗauke ta ba sai bayan na fita takaba, ranar da na taka gonar na tarar gyaɗa ta rufe ƙasa, geron Baffa kuma ya fi ni tsayi.